Amsa ga 'yar'uwar da Babanta ya ƙi zuwa a duba lafiyarsa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, na ga tambayarki tun daren jiya: Baba ya kai shekara 68, bai taɓa kwanciya a asibiti ba, kin ce a je a duba shi ya ce lafiyarsa ƙalau, kada ki jawo masa ciwon da babu shi. Kina kuma tambayar gwaje-gwajen da suka kamata. Ni ba likita ba ne, malamin makaranta ne, amma na daɗe ina jigilar iyayena zuwa asibiti, kuma maganar Babanki ita ce tamu sak.

Namu mahaifin ba a taɓa ɗaura masa abin awon jini ba sai da ya biya kuɗin aikin hajji, aka tara maniyyata don tantance lafiya. Aka auna, 178 bisa 104. Ma'aikaciyar ta ce ya zauna ya huta, ta sake aunawa, kusan haka dai. Shi kuwa dariya yake, wai da ƙafa ya zo daga kasuwa. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne hawan jini ba ya sallama. Mutum zai shekara goma da shi ba ciwon kai ba jiri, yana cin ƙoda da zuciya da jijiyoyin ƙwaƙwalwa a ɓoye. Aka ba shi magani, ya sha har ya dawo daga Makka, da kwalin ya ƙare ya ce ai ya warke. Mu ma muka yarda, laifinmu ke nan. Bayan wata goma sha huɗu, da asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Allah Ya sa da sauran kwana, ya tashi, amma har yau da hagu yake riƙe carbi.

Don haka ki fara da awon jini, shi ne mafi arha kuma mafi muhimmanci. Idan ana ta samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, sai ganin likita. Ku sayi na'urar gida, irin wadda ake ɗaurawa a damtse, ta fi ta wuyan hannu. Ya zauna minti biyar ya jingina, hannu a kan tebur, ba magana, kuma kada a auna yana gama cin goro ko shan shayi. Sannan a rubuta. Ni littafin 'yan makaranta mai falle arba'in na saya, na ja layi uku: kwanan wata, lokaci, abin da na'ura ta nuna. Likitan da ke ganin Babanmu ya fi daɗewa a kan littafin nan fiye da kowace takarda da muke kai masa, don awo ɗaya na ranar asibiti, bayan an sha layi da rana, ba ya faɗin gaskiya duka.

Sai suga. Ana yi da safe kafin a karya, bayan awa takwas ba a ci komai ba. Idan ya kai 126, ko 7 a wani ma'aunin, ana maimaitawa a tabbatar. Akwai wani mai suna HbA1c da ke nuna yadda sugan ya kasance a watanni ukun baya, ya fi tsada kaɗan. A haɗa da gwajin ƙoda, na jini da na fitsari. Wannan na ƙodar ina nanata shi saboda dattawanmu da maganin ciwon gwiwa: diclofenac da ibuprofen daga kemis kullum kamar goro, ga jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. Sau ɗaya a shekara ya isa idan komai lafiya.

Wanda mutane ke mantawa shi ne ido, kuma shi ya fi ba ni takaici. Mahaifiyarmu ta riƙa tuntuɓe da kujera 'yar tsugunne a tsakar gida, ana ajiye mata kofi a gefe ba ta gani, muna cewa tsufa ne. Ashe hawan jinin ido ne, wanda likitoci ke kira gulakoma. Daga gefe yake fara cin gani, tsakiya na nan garau, shi ya sa take karanta Alƙur'aninta ba ta san ana yi mata ɓarna ba. Yanar ido ana yin aiki a cire, mutum ya koma gani. Abin da gulakoma ta ci kuwa ya tafi ke nan, sai dai a ɗiga magani kullum a tsare ragowar. Yana kuma bin dangi, don haka dukkanmu 'ya'yanta muka je aka auna mu. Idan kuna kusa da Kaduna akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa, a Kano akwai asibitin ido na ECWA. Ku ce a auna ƙarfin ruwan ido a kuma leƙa jijiyar, ba gwajin tabarau kaɗai ba.

Maganar fitsari kuma, yawan tashi da dare ko fitowa da ƙyar, ba ke za ki yi masa ita ba, kin san kunya. Ki tura yayanki ko amininsa. Likita ne zai ce ko a yi gwajin jini na PSA, mai duba ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza (prostate), don ba kowane hauhawarsa ne daji ba, kada a tayar wa tsoho hankali a banza. Shi ya sa ma ban cika son tallan nan na "a duba jiki gaba ɗaya" da kuɗi masu yawa ba. A zube maka takarda goma ba mai fassara maka, a shekara ba a sake komawa ba.

Yadda za ki shawo kansa kuwa, kada ki ce masa asibiti tukuna. Mu jikar Babanmu muka sa, 'yar shekara goma sha biyu da yake kira amarya. Ta kawo na'ura ta auna ni a gabansa, ta auna kakarta, sannan ta ce saura angonta, ko tsoro yake ji? Ya miƙa hannu yana zaginta da wasa. Yanzu duk Juma'a bayan sallar asuba shi ke aika a kira ta.

Ranar da ya yarda za ku je, ki zuba duk abin da yake sha a leda ki tafi da shi, har da na gargajiya da na ƙarin kuzari, ki kuma shiga ɗakin likita tare da shi, don idan aka tambaye shi cewa zai yi ba komai. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.