Hukuncin Sayen Bindigar Sha'awa Mai Liba Da Ajiye Ta A Gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ina zaune a jihar Teksas ta Amurka tare da iyalina, ina da katin zama na dindindin, sana'ata tuƙin babbar mota. Akwai wata 'yar gajeriyar bindiga irin ta kaboyi da ta shiga raina, wadda ake ɗana ta da liba a ƙarƙashinta, suna kiranta Mare's Leg. Gaskiya Malam ba don tsaron gida nake sonta ba, ba kuma don farauta ba. Sha'awa ce kawai: in riƙa zuwa filin koyon harbi da ita, in abokai sun zo kuma in nuna musu. Uwargida ta ce ba ta yarda ba saboda muna da ƙananan yara uku. Wani abokina kuma ya ce almubazzaranci ne, haramun ne. Mene ne hukuncinta? In na saya, akwai zakka a kanta?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, sayen wannan bindiga halal ne a asalinsa, kuma abokinka ya yi gaggawa da ya furta kalmar haramun. Ƙa'ida a wajen malamai ita ce duk abin amfanin duniya halal ne har sai dalili ya hana, saboda faɗin Allah a Baƙara aya ta 29 cewa Shi ne ya halitta muku abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya. Harbi kuwa ya wuce matsayin halal kawai. Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu bin Amir cewa Annabi (SAW) ya karanta ayar tanadin ƙarfi ta Anfal a kan mumbari, sannan ya ce ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Bukhari kuma ya kawo daga Salamatu bin Akwa'i cewa ya wuce wasu mutane suna gasar harbi, ya ce musu: ku yi harbi ya 'ya'yan Isma'ila, domin ubanku maharbi ne. Don haka zuwa filin koyon harbi babu laifi a cikinsa.

Sha'awa ita ma ba ta haramta abu. Shari'a ba ta ce lallai sai abin da mutum ba zai rayu ba sai da shi zai saya ba. Anas ya ba da labari cewa kan ƙotar takobin Annabi (SAW) na azurfa ne, kuma azurfa ba ta ƙara wa takobi kaifi, ado ne. Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallaci, Nana A'isha tana kallo daga bayan Annabi (SAW), bai hana ba.

Inda maganar abokinka take da ƙamshin gaskiya shi ne wajen kuɗi. Almubazzaranci a wajen malamai shi ne kashe dukiya a inda bai dace ba, israfi kuma wuce iyaka ne a cikin halal, kuma iyakar kowa gwargwadon aljihunsa take. Abin da ya zama israfi ga mai neman kuɗin haya ba israfi ba ne ga wanda ya biya na shekara ya huta. Ka duba kanka: ciyar da iyali, haya, bashin da lokacinsa ya yi, da abin da ka saba aika wa iyaye in suna dogaro da kai. In ɗaya daga cikin waɗannan zai taɓu, sayen ya zama saɓo, saboda hadisin Abu Dawud cewa ya ishi mutum zunubi ya tozarta wanda ciyarwarsa ke wuyansa. Kada ka lissafa kuɗin bindigar kaɗai. Harsasai kuɗi ne da ba ya ƙarewa, musamman manya irin .357 Magnum, .44 Magnum da .45 Colt, ga kuɗin fili, ga akwatin ƙarfe na ajiya. In kuwa da katin bashi mai ruwa za ka saya, ka bari bashin ya kwana har ruwa ya hau, to wannan riba ce, kuma babu wata lalura a cikin abin sha'awa da za a fake da ita.

Sai dokar ƙasar da kake ciki. Ka shiga Amurka da alkawarin kiyaye dokokinta, kuma Allah ya ce a farkon Ma'ida ku cika alkawura. Bin dokar bindiga wajibi ne a kanka ta fuskar addini, ba don tsoron ɗan sanda kawai ba. Wannan bindiga tana da wani tarko na doka da ya kamata ka sani. Siffarta ta samo asali ne daga doguwar bindigar Winchester ta 1892 wadda John Browning ya tsara, da aka yanke mata hanci da gindi don wani shirin kaboyi na talabijin a ƙarshen shekarun 1950. Dokar tarayya ta 1934, yadda aka gyara ta daga baya, ta ce duk doguwar bindigar da hancinta bai kai inci 16 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, sai da rajista ta musamman. Waɗanda kamfanoni irin su Henry, Rossi da Chiappa suka fitar, masu hanci kimanin inci 12, sun tsira ne saboda tun daga masana'anta a matsayin ƙaramar bindigar hannu aka ƙera su. Ranar da ka ɗaura mata cikakkiyar ƙota ta jinginawa a kafaɗa ba tare da izinin ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ba, ko ka sayi doguwa ka yanke da kanka don ka rage kuɗi, ka aikata laifin da hukuncinsa kan kai shekara 10 a kurkuku, kuma katin zamanka na iya tafiya. Ka saya a wajen dila mai lasisi, ka cike takardar 4473, wato fom ɗin gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa, da gaskiya, a yi maka binciken da ake yi wa kowa. Ƙarya a takardar nan ƙarya ce a wajen Allah, haka nan saya wa wani da sunanka saboda shi doka ta hana shi. Kuma tunda kai direba ne mai ƙetare jihohi, ka sani abin da Teksas ta ƙyale na iya zama babban laifi a Niyok ko Niyu Jasi. In kamfanin da kake yi wa aiki ya sharɗanta kada a ɗauki makami a mota, wannan sharaɗi ne da ka sa wa hannu.

Amma ba kuɗi ko doka ne suka fi damuna a tambayarka ba. Jumlar da ta tsaya mini a rai ita ce "in abokai sun zo in nuna musu." A nan hatsarin irin wannan bindiga yake. Wanda ya sayi bindiga don tsaro yana jin tsoronta, yana kaffa-kaffa da ita. Wanda ya saye ta don ta yi masa kyau yakan ɗauke ta kamar kayan ado, ya fito da ita a falo, wannan ya karɓa ya juya, wancan ya ja libar don ya ji ƙararta, wani ya ɗaga ta a yi masa hoto. Harsashin da ke cikinta kuwa bai san an saye ta don sha'awa ba.

Shari'a ta yi magana a kan wannan zama na falo dalla-dalla. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce kada ɗayanku ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa ya faɗa cikin ramin wuta. A wata ruwayar Muslim, wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har sai ya daina, ko da ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ka lura da wannan ƙarshen. Mutum ba ya nufin kashe shaƙiƙinsa, wasa yake yi, amma tsinuwar ba ta togace mai wasa ba. Jabir ya ruwaito hanin miƙa wa juna takobi tsirara ba kube. Abu Musa kuma ya ruwaito cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. In an faɗi haka a kan kibiyar da ke hannu, ba a kan baka ba, to ina ga bindigar da ake zagayawa da ita hannu-hannu?

Ita wannan ɗin ma ƙirarta tana ƙara buƙatar kula. Ta yi wa hannu ɗaya nauyi, guntun gindinta kuma bai kai kafaɗa ba, don haka mai riƙe da ita yakan yi ta neman yadda zai daidaita ta, bakinta yana ta yawo. Wasunsu suna da liba mai faɗin zobe, wadda ke jan hankalin matasa su wulwula bindigar a hannu kamar yadda suka gani a fim. A wulwulawa ɗaya bakin bindigar zai bi ta kan duk wanda ke gaba, ya dawo ya bi ta kan mai ita. Wannan wasa haramun ne in akwai harsashi, kuma ko babu ban halatta shi a gaban mutane ba, saboda Annabi (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba. Sannan harsasanta suna jere ne a cikin wani bututu a ƙarƙashin hancin, ido ba ya ganinsu. A da yawa daga cikin irinta, hanyar fitar da su ita ce a yi ta jan liba, kowane harsashi ya shiga mazaunin harbi kafin ya faɗo, alhali 'yar gudumar baya tana ɗane. Yatsa ya kuskure ya taɓa kunama a wannan lokaci, shi ke nan. Kuma mutum na iya ganin biyar sun faɗo ya ɗauka ta ƙare, na shida yana maƙale a ciki. Kalmar "ai babu komai a ciki" ba hujja ba ce a gaban alƙali, ba kuma hujja ba ce a Lahira. Kisan kuskure yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere kamar yadda ya zo a Nisa'i aya ta 92, ban da abin da zai zauna a zuciyar mutum har ya mutu.

Game da uwargida, a fiƙihu izininta ba sharaɗi ba ne wajen sayen abu da kuɗinka. Sai dai abin da take faɗa gaskiya ne, kuma gaskiya ana karɓarta daga duk wanda ya zo da ita. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu, kuma a 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar. Kai makiyayi ne abin tambaya a kan gidanka, ga shi kuma aikinka yana raba ka da gida kwana da kwanaki, ita za a bari da yara da bindiga. Saboda haka kulle ta wajibi ne a kanka, ba mustahabbi ba, domin abin da wajibi ba ya cika sai da shi shi ma wajibi ne. A ajiye ta babu harsashi a cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsasan a wani wuri daban su ma a kulle. Saman durowa da ƙarƙashin katifa ba ajiya ba ce, yaro ya fi ka sanin lungunan gidanka. Dokar Teksas kanta tana hukunta wanda ya yi sakaci har yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai ga bindiga mai harsashi. In akwai mai fama da ciwon damuwa a gidan, ko kai ka san kana da zafin zuciya idan rigima ta haɗa ka da iyali, to a halinka ban halatta maka shigo da ita ba, saboda kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani, balle amfanin da bai wuce nishaɗi ba.

Shawarata, ba hukunci ba: ka fara sayen akwatin kafin bindigar, ka nuna wa uwargida, ka je ka yi kwas na sarrafa bindiga. In duk da haka hankalinta bai kwanta ba, filayen harbi da yawa suna ba da hayar bindigogi, ka je ka kashe ƙishirwarka a can ka dawo gida hannu sake. Zaman lafiyar gidanka ya fi wannan sha'awa tsada. In ka saya kuma aboki ya matsa sai ya gani, ku haɗu a filin harbi.

A can filin ma takarda da ƙarfe ake harbi. Mai da abu mai rai abin gwada saiti haramun ne, Ibn Umar ya wuce wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa, ya faɗa musu Annabi (SAW) ya tsine wa mai yin haka. Farauta don a ci daban ce, ta halatta da ambaton sunan Allah da lasisin jiha, ko da yake wannan bindiga ba ta da daɗin saiti, ta fi kusa da raunata dabba fiye da kashe ta nan take.

Zakka kuwa babu ita a kan abin da mutum ya ajiye don amfanin kansa, komai tsadarsa, saboda hadisin da ya ce babu zakka a kan Musulmi a cikin dokinsa. Sai in tun wajen saye niyyarka kasuwanci ce, ka saya don ka sayar ka ci riba, to ta shiga hukuncin kayan ciniki. In wata rana ka gaji da ita za ka sayar, ka bi ta hannun dila mai lasisi, kuma haramun ne ka sayar wa wanda kake kyautata zaton zai cutar da mutane da ita. Bukhari ya ambata cewa Imrana bin Husaini ya ƙi sayar da makami a lokacin fitina.

Wallahu a'alam.