Idan yaron shagonka ya fi ka sanin sabuwar waya

Ka tambaye ni, yanzu da zan damƙa maka sabon shagon nan da yara a ƙarƙashinka, yaya za ka riƙe su alhali biyu daga cikinsu sun fi ka sanin manhaja da sababbin wayoyi. To, ɗana, zauna ka ji.

Fara cire wannan fargaba daga ranka. A sana'ar gyaran waya babu maigidan da zai fi dukan yaransa sani. Lokacin da GSM ta shigo ƙasar nan a 2001, in ka iya kwance Nokia 3310, ka canja sifika, ka goge tsatsar ruwa, kai malami ne na shekara da shekaru. Yau kuwa Tecno da Infinix da Itel, da kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China ke ƙerawa, kowace shekara sai sun sako sababbi. Kana gama sanin wannan fanel, wato allon cikin waya da ke ɗauke da kayan aikinta, an kawo wani. Yaron da ya kwana yana kallon YouTube zai wayi gari da abin da ba ka taɓa ji ba. Ka kira shi a gaban kowa ka ce, zo ka nuna mana. Girmanka ba zai ragu ba. Maigidan da ke ɓoye rashin saninsa, yara sun daɗe da ganowa, kunya ce kawai ta hana su dariya.

Abin da ba za ka yarda da shi ba shi ne ilimi ya maƙale a kan mutum ɗaya. Ka zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka gani, akwai shagunan da yaro guda ne ya iya falashin, wato sake ɗora wa waya manhajarta, ranar da ya yi fushi ko ya koma shagunan waya na Beirut Road, aiki ya tsaya cak. Don haka duk wanda ya shawo kan wata matsala mai wuya, da safe kafin kasuwa ta cika ya tara sauran ya yi bayani: me mitar auna wuta ta nuna, ina ya samu shot ɗin, wato inda wuta ta haɗe, wane zafi ya sa wa hita, na'urar da ke narkar da dalma. Ƙaramin abu kamar sanin cewa dalmar da ke fanel ɗin wayoyin yanzu sai wajen digiri 217 take narkewa, ta da kuwa 183, shi zai hana wani ya fizgi IC, ɗan guntun da aka like a jikin fanel da dalma, tun bai saki ba ya taho da ƙafafun fanel. A ɗauki hoton aikin a saka a zauren WhatsApp na shago. Kwamfuta da fayilolin falashin da duk wata rijista da ake biyan kuɗi, su kasance da imel ɗin shago, kada a yi su da sunan wani yaro komai amincinsa.

Amma inda za a san ko ka isa maigida, wajen amana ne. Mai kawo waya yau ya kawo maka hotunan iyalinsa, da manhajar bankinsa, da layin da aka haɗa da BVN da NIN ɗinsa, wanda ta nan lambar sirrin cire kuɗi ke shigowa. Ka kafa doka tun ranar farko: a cire layi da memori a miƙa wa mai su nan take. Ba a tambayar lambar buɗe waya sai dole, in dolen ta kama a gwada a gaban mai ita. Mai canja wurin caji ba shi da hurumin shiga wajen hotuna, balle wayar matar aure ko ta 'yar mutane. A 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a Nijeriya, amma tun kafin doka mun san wannan cin amana ne. Laifi ɗaya ke nan da ba na yi wa gargaɗi sau biyu, ko da yaron shi ne gwanin shagon.

Sai wayar da aka kawo a kulle. Tun 2015 Google ya sa makullin FRP a wayoyin Android, wanda ke hana waya buɗewa bayan an goge ta sai da asusun mai ita, iPhone kuma tana da nata na iCloud, duk saboda ɓarayi. A nan gwanin yaronka zai fi jarraba ka, domin ya iya buɗe wasu, kuɗin kuma masu kauri ne. In babu rasit, babu kwalin da lambar IMEI ɗinsa, wato lambar shaida da kowace waya ke da tata, ta yi daidai da ta wayar, a ba mutum haƙuri ya tafi. 'Yan sanda in sun zo ba sa tambayar wane yaro ne ya yi, mai shago suke nema. Kuma kada ka hana yara sannan kai ka buɗe wa abokinka da daddare, za su ji labari.

Kuskure dole a yi shi. Sikirin zai fashe a hannun wani, wani zai ƙona fanel. In ka tashi da zagi ka zaftare kuɗin duka daga rabonsa, abin da ka koya masa shi ne gobe ya ɓoye, ya rufe waya ya miƙa, bayan kwana uku kwastoma ya dawo da hayaniya. Ni tsarina, na farko shago ya ɗauka matuƙar yaro ya faɗa da bakinsa, in ya maimaita irinsa a raba asara, wanda ya ɓoye kuwa shi zai biya. Kwastoma ma a gaya masa gaskiya. In kwafi za a sa masa a ce kwafi ne, ga kuɗinsa, ga na orijinal. Sababbin iPhone ma da kansu suke tona asiri, su nuna a saitin cewa batir ko sikirin ɗin da aka sa ba su san shi ba.

Maganar kuɗi ba ta da tsawo. Asusu ɗaya, na'urar POS ɗaya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane sun saba da taransifa, saboda haka kada wani ya karɓa a asusunsa da sunan zai turo anjima, kuma ba a sakin waya don an nuna alat, sai an duba an ga kuɗi sun shigo. Kowace waya a rubuta IMEI ɗinta da matsalarta da wanda ya gyara da abin da aka biya. Littafi ko kwamfuta duk ɗaya ne, in dai za ka duba kullum kafin a rufe.

Yaran nan biyu da kake jin tsoro, ka sani ba za su dawwama a wurinka ba, kuma bai kamata su dawwama ba. Ka zauna da kowannensu tun yanzu, da sanin iyayensa, ku tsayar da rabon da zai riƙa samu a kowane aiki da lokacin da za a yaye shi. Kafin lokacin ya cika, kowanne ya tabbata ya koyar da ɗaya daga cikin ƙananan aikin falashin har ya iya shi kaɗai, sannan mu yi maganar kayan aikin da za mu sallame shi da su.