Tambaya da Amsa: Haɗa Tabarau Irin na Fim a Zafi da Ƙurar Kano

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne mazaunin Gwammaja, kuma tun ina yaro nake sha'awar kayan da ake ƙerawa domin finafinai. Kwanakin baya yayana da ke karatu a Ingila ya aiko mini da ƙunshin kayan haɗa tabarau irin wanda aka sa a fim ɗin Ghostbusters. Guntu-guntu suka zo a kwali, wasu na rezin (wata irin roba da ake zubawa a mazubi ta daskare) masu ɗan nauyi, wasu na roba da aka buga da na'urar 3D mai fitar da siffar abu, tare da gilasai biyu da 'yar takardar bayani. Na fesa wa guntu ɗaya fenti, bayan kwana biyu ya soma saluɓewa kamar ɓawon albasa. Na liƙa gilashi ɗaya da sufa gulu, gari na wayewa na tarar ya yi fari kamar an shafa masa alli. Na dakata domin kada in ɓata sauran. A ina na yi kuskure, kuma a ina zan sami kayan aiki a nan Kano? Abokaina kuma sun sa ni gaba da tsiya, wai na koma wasan yara.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dakatawar da ka yi ita ce dabarar da ta fi kowace amfani, domin kurakuran nan biyu suna da magani matuƙar ba a maimaita su a kan sauran guntayen ba.

Kafin mu taɓa fenti, ya kamata ka san asalin abin da kake kwaikwayo, saboda shi ne zai gaya maka launin da za ka nema. Fim ɗin ya fito a shekarar 1984, kuma masu shirya masa kaya ba su ƙera tabaran daga tushe ba. Gangar jikin na'urar gani da dare ta sojojin Amurka suka ɗauka, wadda ake kira AN/PVS-5 da aka soma amfani da ita a shekarun 1970, suka ɗora mata bututun gilashi biyu a gaba. Wannan ne ya sa launinsa kore ne irin na kayan soja, mai duhu kuma marar ƙyalli. Idan ka fesa masa kore mai sheƙi irin na sabon bokiti, duk wanda ya san fim ɗin zai gane daga nesa cewa da gyara.

Saluɓewar fentin ba laifin fentin ba ne. Masu zuba rezin sukan shafe mazubin da wani mai kafin su zuba, domin abin ya fita cikin sauƙi bayan ya daskare, kuma wannan man yakan biyo guntun har cikin kwali ko da ido bai gan shi ba. Fenti kuwa ba ya zama a kan mai. Ka haɗa ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulun wanke-wanke, ka sami tsohon buroshin goge haƙori ka cuɗe kowane guntu har lungu da saƙo, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Ga gwaji mai sauƙi: ka ɗiga ruwa a kansa, idan ruwan ya dunƙule ya tsaya ƙwaya-ƙwaya to da sauran mai, idan kuwa ya baje ya jiƙa wurin to ya wanku. Guntun da ka riga ka fesa, kada ka jiƙa shi a tina, wato ruwan tsinka fenti, domin cire fentin, saboda tina tana cin wasu nau'o'in roba; samfefa za ka sa ka kankare shi a hankali.

A nan ne yawancin aikin yake, kuma a nan ne yawancin masu farawa suke gajiya. Samfefa tana da lamba a bayanta, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinta. Guntayen rezin ka fara su da mai lamba 220, ka koma 400, ka ƙarasa da 600. Waɗanda aka buga da na'ura kuwa, idan ka shafa su da farce za ka ji layi-layi a jikinsu, domin hawa-hawa na'urar take gina su, don haka sai ka fara da 120 har layukan su kwanta. Ka riƙa tsoma samfefar a ruwa kana gogewa, ka kuma sa takunkumi, domin garin rezin ba abin da za a shaƙa ba ne. 'Yan ramukan da kumfar iska ta bari a jikin rezin ka cike su da filar da masu gyaran jikin mota suke amfani da ita, ɗan kaɗan a bakin wuƙa, ka bari ta bushe ka sake gogewa. Bayan nan sai fentin share fage, wanda masu fentin mota suke kira faraima, mai launin toka: shafi biyu marasa kauri, gwangwanin yana nesa da guntun kamar taƙi ɗaya da rabi, hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya. Faraimar za ta tona maka duk wani karce da ido bai gani ba, kuma gara ka gan shi a wannan mataki ka gyara da ka gan shi bayan koren ya hau. Ka ba ta yini guda cur kafin ka ɗora launi.

Akwai abin da takardar bayanin ba za ta taɓa gaya maka ba, domin wanda ya rubuta ta bai san hunturun Kano ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ɗanyen fenti a tsakar gida yakan kwashi ƙura cikin 'yan mintoci, ya bushe da kaushi kamar an barbaɗa masa yashi. Ka nemi babban kwali ka kwantar da shi a gefe ɗaya, ka yi feshin a cikinsa a wurin da iska ke shiga amma ba ta kaɗawa, ka yayyafa ruwa a ƙasa tukuna domin ƙurar ta lafa, sannan da ka gama ka rufe bakin kwalin. A bazara matsalar dabam ce: idan zafi ya kai digiri 40, fentin yakan soma bushewa tun yana cikin iska kafin ya isa jikin guntun, don haka bayan sallar asuba zuwa hantsi ne lokacin aikinka. A tsakiyar damina kuma, musamman a watan Agusta, laima takan sa fentin feshi ya yi hazo-hazo, sai ka jira ranar da gari ya washe.

Zafin nan yana da wata illa da ni kaina na ɗanɗana. Yawancin guntayen da ake bugawa da na'ura da robar da ake kira PLA ake yin su, ita kuwa takan soma laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60. Wata Juma'a a watan Afrilu na bar gangar jikin wani tabarau da na yi mako uku ina gogewa a gaban gilashin mota, na shiga masallaci. Da na fito na tarar gefe ɗaya ya lanƙwashe ya bi siffar wurin da na ajiye shi, ramin gilashin da yake da'ira ya koma kamar ƙwai, kuma babu yadda ban yi ba ya koma daidai amma ya ƙi. Saboda haka kada ka shanya komai a kan kwano ko a rana da nufin ya bushe da wuri, kada kuma ka bar shi a rufaffiyar mota. Idan wata rana za ka sa a buga maka wani guntu, ka nemi a yi da PETG, wadda take jurewa har wajen digiri 80.

Farin da gilashin ya yi kuwa tururin sufa gulu ne. Yayin da yake bushewa yakan fitar da tururi da ke sauka a kan abin da ke kusa ya daskare ya zama fari, kuma ya fi kama wurin da yatsa ya bar maiƙo. Idan farin bai yi yawa ba, ka gwada goge shi da man goge haƙori a kan tsumma mai laushi. Kada ka kusanto da ruwan cire jan farce, domin idan gilashin na roba ne zai ƙara lalata shi. In ya ƙi, ka auna faɗinsa: gilashin tabaran walda masu da'ira yawanci milimita 50 ne, kuma idan girman ya zo ɗaya ka huta, idan bai zo ba, masu yanka roba mai haske domin allunan talla za su yanka maka. Gangar jikin ka haɗa ta da gam mai tulu biyu da ake cakuɗawa, irin su Araldite, bayan ka kankare fenti daga wurin da zai kama. Gilasai su ne na ƙarshen shiga, bayan duk wani feshi ya ƙare, kuma ɗigo uku na farin gam ɗin kafintoci, wanda yake bushewa garau, sun isa su riƙe su.

Kayan aiki ba za su gagare ka ba. Samfefa da fila da faraima da fentin gwangwani ka neme su a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari. Idan kana son ɗan jan ƙwan LED ya riƙa kamawa a gefe, 'yan kayan lantarki na Sabon Gari suna da shi, kuma ka sayi resista mai lamba 470, wato ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar, tare da shi, domin idan ka haɗa ƙwan kai tsaye da batir mai bolt 9 nan take zai ƙone. Masu gyaran waya a Farm Centre za su liƙa maka wayoyin da dalma cikin minti biyar. Igiyar kai da ta zo a kwalin, idan ba ta yi maka ba, ka kai wa baduku a Kurmi ko Ƙofar Wambai tare da tabaran kansa domin ya auna, ko da yake ka shirya amsa tambayar mene ne wannan fiye da sau ɗaya. A ra'ayina ɗinkin hannun dukawanmu ya fi abin da yake zuwa a irin waɗannan kwalaye nesa ba kusa ba.

Idan koren ya bushe, ka tsoma busasshen buroshi a fenti ruwan azurfa, ka goge shi a takarda har ya kusa ƙarewa, sannan ka shafa a kusurwoyi da bakin bututun, inda hannu da ajiya za su ci fenti idan da abin na aiki ne. Kaɗan ya isa. Masu farawa sukan zarce har abin ya zama kamar an tono shi daga bola.

Wata magana kuma da ba ta fenti ba. Tunda siffar abin ta kayan soja ce, kada ka fita da shi a fuska da dare, kada kuma ka bar shi a fili a mota idan za ka bi ta shingen jami'an tsaro. Na'urar gani da dare ta gaske tana cikin kayan da sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro ake shigo da su Nijeriya, kuma ba kowa ne zai gane a duhu cewa naka roba ce da fenti ba. Ka adana takardar bayanin da kwalin. Abokanka kuwa, ka tambaye su waye a cikinsu bai yi motar kara ko ta langa-langa yana yaro ba, kuma waye bai yi alfahari da tasa ba idan ta fi ta kowa kama da ta gaske.

TAMBAYA

Malam, ɗana mai shekara 15 ya haɗa irin wannan tabarau mai baƙin gilashi, kuma yanzu ya fara koyon walda a lokacin hutu. Ya ce zai riƙa sa shi a wurin aiki da kuma in zai hau keke saboda ƙura. Shin babu matsala? Daga wata uwa a Tarauni.

AMSA

Hajiya, akwai matsala babba, kuma ina roƙon ki hana shi tun yau. Baƙin launi kaɗai ba ya tare hasken walda. Wutar walda tana fitar da wani haske da ido ba ya gani amma yana ƙona fatar ƙwayar ido, kuma baƙar robar da ba a yi ta domin wannan aiki ba takan sa ƙwayar idon ta ƙara buɗewa saboda duhu, hasken ya ƙara samun hanya. Ciwon ba ya nunawa nan take. Sai bayan sa'o'i, galibi cikin dare, yaro ya farka yana hawaye yana jin kamar an zuba masa yashi a ido. Waldar lantarki tana bukatar garkuwar da ke rufe fuska gaba ɗaya, mai gilashin da lambar duhunsa take tsakanin 10 da 13 gwargwadon ƙarfin wutar, kuma ko tabaran walda masu da'ira da ake sayarwa a kasuwa yawanci lamba 5 ne, na waldar gas. A kan keke kuma bututun gaba yana toshe ganin gefe, yaro ba zai hango Adaidaita Sahu da ke fitowa daga lungu ba, sannan idan ya faɗi robar tana iya fashewa dab da idonsa. Ki sa mahaifinsa ko maigidansa na wurin aiki ya raka shi Ƙofar Ruwa a saya masa garkuwar walda ta gaske, a duba lambar da ke jikin gilashin kafin a biya kuɗi. Wanda ya haɗa da hannunsa kuwa a kafa masa ƙusa a bangon ɗaki ya rataye shi, a gefen da rana ba ta bugawa.