Ɗalibin da ya tsaya zangon bazara a Madina zai yi ƙasaru?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, iyayena kuma mazauna Makka ne. Bana ba zan tafi hutu ba, na yi rajistar saifi, wato zangon karatu na bazara, don in sauke darussa biyu da ake bina, mako takwas zan yi a sakan, wato ɗakunan kwanan ɗalibai. Wani abokina ya ce tunda nan ba garinmu ba ne, ni matafiyi ne, in riƙa ƙasaru, in kuma haɗa Azahar da La'asar saboda zafi. Yau kwana biyar ke nan ina yin haka a ɗaki. Kuma ina son in riƙa leƙa gida ƙarshen mako a jirgin ƙasa. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Cika sallarka raka'a huɗu, domin kai mazauni ne.

A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, ko gwargwadon abin da zai yi salloli ashirin, hukuncin tafiya ya yanke masa. Haka yake a Risala, kuma na san ka karanta ta tun kana ƙarami. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna nan kusa da wannan. Hanafiyya ne suka faɗaɗa zuwa kwana 15. Mako takwas kwana 56 ne, ka ga ya tsallake ma'aunin kowa a cikinsu.

Daga ina aka samo kwana huɗun? A hajjin bankwana Annabi (SAW) ya shiga Makka ranar 4 ga Zulhijja, ya fita zuwa Mina ranar 8, yana ƙasaru, kuma ya san iyakar zamansa tun kafin ya sauka. Sannan Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yi wa muhajiri, wato sahabin da ya yi hijira daga Makka, izinin kwana uku kawai a Makka bayan ya gama ayyukan hajjinsa, sai malamai suka fahimci cewa abin da ya haura haka zama ne.

Abokinka bai ƙirƙiri maganarsa ba, kada ka raina shi. Ibn Taimiyya yana ganin babu wani adadi, matuƙar mutum bai mai da wuri gida ba, Shaikh Ibn Usaimin ma ya karkata can. Hujjarsu ita ce Annabi (SAW) ya yi kwana 19 a Makka shekarar buɗe ta yana ƙasaru, ya yi kwana 20 a Tabuka, Ibn Umar kuma ya yi wata shida a Azarbaijan ƙanƙara ta tare hanya. Amsar jumhur, wato mafi yawan malamai, ita ce waɗannan zaman yaƙi ne da jira, kullum ana cewa yau ko gobe za a tashi. Kai kuwa an ba ka makulli, kana da gado da tukunya, jadawalin jarrabawa na manne a bango. Ni dai ban ga kamannin tafiya a nan ba.

Abin da ya fi tsaya mini a tambayarka shi ne kalmar "a ɗaki". Ko a wurin masu wancan ra'ayi, matafiyin da ya bi limami mazauni huɗu zai yi, Ibn Abbas ya ce wannan ita ce sunna. Wato da kana fita masallaci, da tambayar ma ba ta taso ba. Na san ranar Madina a Yuli da Agusta, zafi kan haura digiri 40, takalmin roba har laushi yake yi a kan kwalta. Amma sauƙin da shari'a ta bayar kan zafi shi ne jinkirta Azahar har rana ta ɗan yi sanyi, kamar yadda ya zo a hadisi, ba ɗauke ta a kai ta cikin La'asar kullum ba. Masallacin jami'a na da na'urar sanyi. Ga kuma masallacin Annabi (SAW), inda salla ɗaya ta fi dubu a waninsa ban da Masallacin Harami, mutane na sayar da gona don su zo su yi kwana takwas a gefensa.

Sallolin kwana biyar da suka wuce, tunda ka yi su ne bisa maganar da take da malamai a bayanta, ba na tilasta maka ramuwa. In ka rama don zuciyarka ta natsu, babu laifi.

Zuwa gida kuwa tafiya ce cikakkiya. Tsakanin Madina da Makka wajen kilomita 450 ne, nisan ƙasaru kuma mil 48, kusan kilomita 80. Saurin jirgin ƙasan Haramaini ba ya canza hukunci, ko da awa biyu da rabi kawai ka yi. Da zarar ka bar gine-ginen Madina kana iya ƙasaru da haɗawa. Kana shiga Makka ka cika, don garinku ne, kana dawowa Madina ka cika. In ka yi niyyar umara a ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen, daga Abyar Ali, miƙatin mutanen Madina, za ka ɗaura harami, kada ka bari sai ka isa gida.

Wallahu a'alam.