Kwamfuta ta ƙi ganin hotunan wayata

Tambaya: Assalamu alaikum. Na jona wayata ta Android da kwamfuta don in kwashe hotunan biki, amma caji kawai take yi. Ina matsalar take? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Fara zargin kebul ɗin. Wasu masu araha na caji ne kawai, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsu. Nemi wanda ya zo da wayar.

In kin jona, buɗe makullin wayar, don kwamfuta ba ta ganin cikin waya a kulle. Jawo allo daga sama, taɓa sanarwar USB, ki zaɓi File Transfer. Sai ki shiga This PC a kwamfutar, ki buɗe sunan wayar, ki nemi folda mai suna DCIM, sannan Camera. Hotunan WhatsApp ba sa nan. Daga Android 11 zuwa sama, sai ki shiga foldar Android, sannan media, sannan com.whatsapp.

Kwafa (Copy) za ki yi, kada ki yanke (Cut). In aka ɗauke wuta ko kebul ya motsa ana tsakiyar aiki, wasu hotunan kan lalace. Kwashe su kaɗan-kaɗan, kamar 200 a lokaci guda, ki buɗe wasu ki tabbatar kafin ki goge na waya.