Robar da ke ƙarƙashin gada

Salamu alaikum 'yan zaure. Alhaji, na saurari saƙonka. Ka ce ka ga bidiyon asibitin Turkiyya da ya tsaya cak a girgizar ƙasar 2023, wai don yana zaune kan roba, kana tambaya ko irinta ce a gadar Third Mainland ta Legas. Ni na san abin da ke ranka, kullum ta kanta kake bi zuwa Obalende, so kake a ce maka ba za ta rufta da kai ba.

To, dangi ne, amma aikinsu daban. Kuma ba roba zalla ba ce, kar wani ya ɗauka tsohuwar taya ce aka yanka. Shimfiɗar roba, faifan ƙarfe, roba, ƙarfe, haka ake jerawa a gasa su manne. Kamar karta ce in ka tara ta: danna ta daga sama, ba ta lotsawa, tura ta ta gefe, sai ta goce. Ta girgizar ƙasa ana huda tsakiyarta a cusa dalma. Wani Bill Robinson ne ya ƙirƙiro ta a Niyuzilan a shekarun 1970. Ƙasa na fizga da sauri, gini yana lilo a hankali a sama, dalmar tana lanƙwasa tana shanye ƙarfin, robar ta dawo da shi mazauninsa. Dole a bar rata kewaye da ginin, bututun ruwa ma sai mai lanƙwasa. A girgizar Northridge ta Amurka, 1994, asibitin jami'ar Kudancin Kalifoniya (USC) da ke kan irinta bai daina aiki ba. Na Turkiyyan ma wasunsu ƙarfe ne mai santsi da ke zamewa... a bar wannan, zai ja mu nesa.

Tamu ta nan Legas zafi take yi wa aiki. Gada mai tsawon kilomita 11.8, rana ta buga kankare ya miƙe, dare ya yi ya tsuke, ga motoci na taka birki. Robar da ke kan ginshiƙi ita ke ba ta damar motsi. Rufewar da aka yi a Yulin 2020, da muka sha cunkoso har muka gode Allah, ai robobin da mahaɗan gadar aka canza.

Girgiza kuwa, e, Mpape ta Abuja ta motsa a 2018, amma ba ita ke hana ni barci ba. Wuta! Ka manta gobarar kasuwar Apongbon da ke ƙarƙashin gadar Eko a Maris 2022? Gadar ta yi fiye da shekara a rufe. Roba ce fa, Alhaji. Ka leƙa ƙarƙashin gadojin garin nan, ga mai tuyar ƙosai, ga janareta, ga jarkokin fetur jingine da ginshiƙi. Na taɓa yi wa wani mai shayi magana, namu ne ma ɗan Arewa, risho na ci hayaƙi ya baƙanta kankaren, sai ya ce min gadar ubana ce? Wallahi har yau abin na ci min rai. In ka bi gobe ka duba da idonka. Ana kiran sallah, sai anjima.