Amsa ga Hadiza kan mutanen Aisland da farautar kifin wel

Assalamu alaikum. Hadiza 'yata, saƙonki ya iso tun ranar Laraba, na jinkirta amsa ne don tambayar ba ta tsaye-tsaye ba ce. Kin ce kin ga bidiyon yadda ake jawo kifin wel ana feɗe shi a ƙasar Aisland, tsibirin da ke arewacin tekun Atlantika, hankalinki ya tashi, sai wata abokiyar karatunki ta ce miki al'adarsu ce tun kaka da kakanni, ba ruwan kowa. Shi ne kike tambaya ta, in har al'ada ce, wa ke da bakin hana su? To, ki natsu ki karanta.

Sunan kifi kawai muke ba shi. Ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake yi, uwa ta shayar da ɗanta nono, kuma dole ya taso saman ruwa ya shaƙi iska. Irin wanda kika gani shi ne na biyu a girma cikin dabbobin duniya, tsawonsa kan kai mita 20.

Abokiyarki ba ƙarya ta yi ba, amma rabin zancen ta faɗa. Mutane sun fara zama a tsibirin nan wajen shekara ta 874. Ƙasa ce ta duwatsu da ƙanƙara, hatsi ba ya yi sosai, hunturu kuma dogo ne, yakan cinye dabbobi ya bar mutane da yunwa. Ba su da jiragen da za su bi wannan dabba tsakiyar teku. Abin da suke jira shi ne wanda igiyar ruwa ta jefo gaɓa. Suna da kalma guda don haka, hvalreki, kuma har gobe in mutum ya sami alheri ba zato, ita suke faɗa, kamar yadda mu muke cewa tsuntsu daga sama gasasshe. Kifi ɗaya kan ciyar da yanki guda, a ci nama, a zuba mai a fitila, ƙashi kuma ya shiga gini. Saboda muhimmancinsa har dokokinsu na dā sun yi masa babi, ciki har da kundin Jónsbók na 1281: ga rabon mai filin da kifin ya faɗo, ga rabon wanda aka tarar da mashinsa mai alama a jikin kifin. Duk da haka akan yi faɗa a kai, har a rasa rai.

Duk lokacin da na karanta wannan, rundunar Abu Ubaida bin Jarrah nake tunawa. Mutum 300 ne, guzuri ya ƙare har suna cin ganye, sai teku ya jefo musu dabbar da ake kira Anbar, suka yi kwanaki suna ci, Annabi (SAW) ya ce arziki ne Allah ya fitar musu. Wanda ya san wannan labari ba zai raina mutanen da suka rayu da abin da teku ya jefo musu ba. Wannan ita ce al'adar ta asali, kuma ina girmama ta.

Farauta da manyan jirage kuwa baƙi ne suka kawo ta. Mutanen Bask, daga iyakar Sifaniya da Faransa, sun zo a farkon ƙarni na 17 don neman man wel. A 1615 guguwa ta farfasa musu jirage uku, rigima ta shiga tsakaninsu da 'yan ƙasa, aka kashe kimanin 32 daga cikinsu a ƙarƙashin hakimin yankin, Ari Magnússon. Bayansu sai 'yan Norwe, waɗanda suka kafa masana'anta a 1883, ɗauke da bindigar da ke harba mashi mai nakiya a baki. Cikin shekara talatin suka yi wa kifayen kisan da ya sa suka yi ƙaranci, riba kuma ta tafi waje. Majalisar Aisland, Althingi, ita da kanta ta hana farautar manyan kifayen daga 1915. Ki riƙe wannan da kyau. Ba wata ƙungiyar waje ce ta fara cewa a daina ba, su ne.

Kamfanin da kika gani a bidiyon, Hvalur, a 1948 ya fara aiki a mashigin ruwan Hvalfjörður. Kakarki Hajiya Babba ta girme shi. Loftur Bjarnason ne ya kafa shi, ɗansa Kristján Loftsson ke riƙe da shi. Jiragensu tsofaffi ne baƙaƙe masu aiki da tururi. In an harbi kifin, sai a ɗaure wutsiyarsa a gefen jirgi a jawo shi gaɓa, a ja shi da inji kan dandamali, ma'aikata su hau kansa da wuƙaƙe masu dogayen ƙota, kafin wani lokaci sai ƙashi. Naman kuma kusan duka Japan ake kai shi. Akwai ƙaramin iri da ake kira minke, wanda masunta suka riƙa kamawa da ƙananan jirage, shi ne ake ci a gida, amma a shekarun baya-bayan nan 'yan yawon buɗe ido ne ke cin kaso mai yawa a gidajen abinci, suna zaton abincin kullum ne na 'yan ƙasa. Abin da ya rage na tsohon ci shi ne kitsen wel da ake jiƙawa a ruwan tsamin nono, a fito da shi a bikin Thorrablot na tsakiyar hunturu.

To me ya sa suka kafe a kai? A nan ne nake ganin masu adawa ma suna da nasu laifin. Hukumar kula da farautar wel ta duniya ta yanke a 1982 cewa a dakatar da farautar kasuwanci daga 1986. Aisland ba ta ƙi ba, sai dai ta ci gaba da kamawa da sunan bincike har 1989. A watan Nuwamban 1986 wasu mutum biyu na ƙungiyar Sea Shepherd mai adawa da farautar wel suka shiga tashar jiragen ruwa ta Reykjavik, babban birnin ƙasar, da dare suka nutsar da jiragen kamfanin biyu, suka lalata kayan masana'antar. Aka kuma yi gangamin ƙaurace wa kifin Aisland a kasuwannin waje. Ki tuna, mutane ne da ba su kai dubu 400 ba har yau, waɗanda sai a 1944 suka gama rabuwa da sarautar Denmak, kuma daga 1958 zuwa 1976 suna ja-in-ja da Ingila kan ruwan kamun kifinsu har suka yi nasara. Mutum irin wannan in ka nuna masa yatsa a kan tekunsa, ko bai taɓa ɗanɗana naman ba zai ce nasa ne. Suka fice daga hukumar a 1992, suka dawo a 2002 da sharaɗin ba su yarda da dakatarwar ba, a 2006 suka koma farautar kasuwanci.

Suna da hujja ɗaya da ba za a yi watsi da ita ba. Masanansu na teku suna ƙidaya, kuma irin wannan kifi a ruwansu yana da yawa, abin da ake kamawa ba zai ƙarar da shi ba. Don haka ni ba ta nan nake kama su ba.

Inda zuciyata ta tsaya shi ne yadda dabbar ke mutuwa. A 2022 an kashe 148. Hukumar kula da abinci da lafiyar dabbobi ta ƙasar, ba ta wata ƙasa ba, ta fitar da rahoto a 2023 cewa da yawa ba sa mutuwa nan take, wasu sai an sake harbinsu, akwai wanda ya kai awa biyu da mashi a jiki kafin ransa ya fita. Awa biyu, Hadiza. Ke kin sha ganin yadda nake zama in wasa wuƙa ranar Layya, in juya baya don kada ragon ya gani, saboda an umarce mu da kyautata yanka da hutar da abin yankawa. Cin naman teku halal ne, ba a nan matsalar take ba. Amma azabar awa biyu don a cika firjin wata ƙasa, ba don yunwa ba, ban ga yadda za a jingina ta da kakannin da suke rabon abin da teku ya ba su ba. In abokiyarki ta sake cewa al'ada, ki tambaye ta wacce take nufi, ta bakin gaɓa ko ta 1948.

Su kansu kawunansu a rabe suke. Ministar abinci da kamun kifi ta lokacin, Svandís Svavarsdóttir, ta dakatar da farautar a watan Yunin 2023, aka sake buɗewa a Satumba da tsauraran sharuɗɗa, aka kashe 24. A garin Húsavík da ke arewa kuwa, tun 1995 ake ɗaukar baƙi a jirgi su kalli kifayen da ransu, jama'a da dama da wannan suke ci. A Disamban 2024 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Bjarni Benediktsson ta ba da lasisin shekara biyar, manya 209 da minke 217 a kowace shekara, amma a 2025 kamfanin Hvalur ya ce ba zai fita ba, kasuwar Japan ba ta biya.

Ki gaishe da mahaifiyarki, ki ce mata maganin ƙafar ya iso. Allah ya yi miki albarka, ya ba da sa'ar karatu.

Kawunki.